Tabarau Mai Kyamara da Agogo Mai Awon Jini: Me Suke Iyawa, Wa Kuma Suke Cutarwa?

Shin da gaske ne akwai tabarau wanda in mutum ya saka shi yake hango abin da ke ƙarƙashin tufafin mutane? Agogon nan kuma da ake talla a kasuwa, zai iya gaya wa mutum ko jininsa ya hau, ko siga ta kama shi, ba tare da ya taka asibiti ba?

Tambayoyin nan biyu sun yi kwana da kwanaki suna yawo a majalisarmu ta ƙofar masallaci, a wani ƙauye da ke gefen Gujungu cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Ɗan yayana ne ya tayar da su. Yana koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre a Kano, ya zo hutun Sallah da wani baƙin gilashi da maigidansa ya ara masa. Ya zauna a gefen tabarma, hannayensa biyu a kan gwiwa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai ga hoton dattawan da ke gabansa ya fito a wayarsa. Baffanmu, wanda ya haura saba'in, ya karɓi gilashin ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Kai yaro, ina idon abin yake?" Aka nuna masa wani ɗan ɗigo a kusurwa, bai wuce ƙwayar wake ba. Ya miƙa masa abinsa ya ce, "To, kada ka shiga mini cikin gida da shi."

Samari suka kwashe da dariya, suna cewa Baffa ya tsorata da zamani. A ganina shi ne ya kama bakin zaren. Duk wata na'ura da muka saba da ita, mai ita ne ke cin amfaninta, shi ne kuma ke kwasar wahalarta. Wannan kuwa, amfanin na wanda ya saka ne, illar ta wanda ake kallo ce.

Me ake nufi da na'urar da ake sawa a jiki?

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ɗan zoben ƙirga tasbihi da iyayenmu mata ke dannawa da babban yatsa, abin kunnen da ɗan acaɓa ke maƙalawa ya amsa kira yana tuƙi, na'urar da mai ƙarancin ji ke sawa a bayan kunne, duk 'yan gida ɗaya ne. Alhazanmu ma sun san awarwaron lantarki da Saudiyya ta fara rabawa a 2016, bayan turmutsutsun Mina na 2015, mai ɗauke da sunan alhaji da bayanan lafiyarsa.

Sababbin da ake magana a kai abu uku suka haɗa. Akwai abin da ke ɗaukar bayani daga jiki ko daga waje, kamar kyamara da makirufo da abin jin motsi. Akwai ƙaramar kwamfuta a ciki. Sannan akwai hanyar tura bayanin zuwa waya, daga waya kuma zuwa intanet. Na ukun nan shi mutane ke mantawa. Yawancinsu jela ne, waya ce gangar jikin. In babu babbar waya a aljihu da data a cikinta, rabin aikin ya tsaya.

Shi tabarau ɗin iri-iri ne. Wani sauti kawai yake fitarwa ta hannayensa da ke kan kunne. Wani yana da kyamara da makirufo, kana yi masa magana yana amsawa ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Wani kuma, mafi tsada, yana nuna rubutu da taswira a jikin gilashin, mai shi kaɗai ke gani.

Kamfanin Google ne ya fara fito da irinsa a idon duniya. A 2013 ya sayar da Google Glass a kan dala 1,500, amma mutanen Amurka suka ƙi jininsa. Gidajen abinci da na silima suka riƙa hana shiga da shi, a watan Janairun 2015 aka janye shi daga kasuwa. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, ya ɗauki darasi: ya haɗa kai da masu ƙera tabarau na Ray-Ban, suka fitar da nasu a 2021, suka sabunta shi a watan Oktoban 2023 a kan dala 299. Zuwa farkon 2025 an sayar da miliyan 2. Na Google daga nesa za ka gane na'ura ce. Na Meta kuwa ba ka bambanta shi da gilashin rana da ake sayarwa a tasha. Wannan kamannin ne ya sa ya samu kasuwa, shi ne kuma tushen damuwar.

Batun gani ta cikin tufafi

Ƙarya ce. Kyamarar da ke jikinsa irin ta waya ce, haske take ɗauka, abin da idonka ya gani shi take gani. Ba ta ratsa zane, ba ta ratsa katanga. Duk wanda ya ce zai sayar maka da mai wannan aikin, kuɗinka yake so.

Sai dai kada hankali ya kwanta gaba ɗaya. Akwai manhajojin da ke karɓar hoton mutum sanye da kayansa su ƙirƙiro na ƙarya wanda babu kaya. Ba jikinsa ba ne, na'ura ce ta zana, amma a ƙauyen da kowa ya san kowa, wa zai tsaya bincike kafin aure ya mutu ko baiko ya warware? Abin da mugu ke buƙata kawai hoton fuska, kuma tabarau ya sauƙaƙa samunsa.

Inda amfanin yake

Na fi ganinsa a wurin makafi. Akwai manhajar Be My Eyes da aka ƙirƙira a ƙasar Denmak a 2015, tana haɗa makaho da ɗan sa-kai mai ido ta bidiyo. A ƙarshen 2024 aka haɗa ta da tabarau na Meta. Makaho na tafe da sandarsa a hannu, wani a nesa yana ganin abin da ke gabansa yana gaya masa: ga kwata, ga babur, wannan takardar naira 500 ce ba 200 ba. Shi kansa gilashin yana iya karanta rubutun kwalin magani da murya. Ku tuna yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a garuruwanmu saboda su ne 'yan jagora. In ranar ta zo da irin wannan zai yi araha ya kuma ji Hausa, ba mutum ɗaya zai 'yanta ba, biyu ne.

Haka mai aikin da hannayensa biyu ke cike. Makanikin injin ban ruwa a fadamar Haɗejia ya buɗe inji ya rasa gane matsalar, zai iya kiran maigidansa a Kano, maigidan yana ganin daidai abin da yake gani. Malamar asibiti a ƙaramin ɗakin shan magani na iya nuna wa likita ciwo ba tare da ta cire safar hannu ba. Gaskiya ne, waya ma tana yin wannan in akwai mai riƙe maka ita.

Ana yawan ambaton fassara nan take. Lokacin da aka fara ta a tabarau na Meta, harsuna huɗu ne: Turanci, Faransanci, Sifaniyanci da Italiyanci. Babu Hausa, babu Fulatanci, babu Larabcin da alhaji zai nema a kasuwar Makka.

Agogo da lafiya: nan ne ake rasa rai

Tabarau na gaske sai jifa-jifa. Agogo kuwa ya riga ya iso. Ka je kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis, teburin da ke sayar da caja da abin kunne yanzu yana da su jere a kwali, mai talla na cewa yana auna jini, yana auna siga, yana auna numfashi.

Ga yadda na kirki yake aiki. In ka juya bayansa za ka ga koren haske yana ƙiftawa. Jini yana shanye koren haske. Duk bugun da zuciya ta yi, jini na ƙaruwa a jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke dawowa ya ragu. Da wannan hawa da saukar agogon ke ƙirga bugun zuciya. A nan na manyan kamfanoni suna ƙoƙari. Agogon Apple tun 2018 ya samu izinin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka na gano wani nau'in rikicewar bugun zuciya. Wasu kuma in mai su ya faɗi bai tashi ba, suna kiran lambar ɗan'uwa da kansu, abin da zai yi wa tsoho mai kwana shi kaɗai rana.

Ƙirga taku kuwa motsin hannu yake bi. Matar da ta yi dakan gero da agogo a hannu, zai ce ta yi tafiya mai nisa alhali tana tsaye a gindin turmi.

Hawan jini wani abu ne daban. Awonsa na gaskiya shi ne wanda ake ɗaura wa mutum a dantse a hura iska ya matse. Ko agogon Samsung da ke ƙiyasta shi, sai an daidaita shi da wancan abin awon duk mako huɗu. Siga kuma ta fi. A watan Fabrairun 2024 waccan hukuma ta Amurka ta fito fili ta gargaɗi jama'a kada su dogara da kowane agogo ko zobe da ke iƙirarin auna siga ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Abin da ke aunawa da gaske shi ne tsinken da ake tsira wa yatsa, ko ɗan faifan da ake mannawa a dantse mai siririn tsinke a ƙarƙashin fata, wanda wasu nau'o'insa ke yin kwana 14.

Wata ƙanwar mahaifiyata, Inna, tana shan maganin hawan jini shekara da shekaru. Jikanta ya sayo mata irin agogon nan na kwali, don ƙauna. Kullum da safe ta danna, ya nuna 120 bisa 80 ko kusa da haka. Da na je gaishe ta na tambayi maganinta, ta ce, "Ai ɗan nan na warke, ga shi agogo yana faɗa. Kuɗin maganin na sayi ƙanzo da shi na awaki." Na roƙe ta ta ciro mini. Na ɗaura shi a ƙotar fartanyar da ke jingine a bakin rumbu, na danna. Ya ɗan yi ƙifce-ƙifce, ya nuna cewa fartanya na da jini 118 bisa 79, zuciyarta kuma na bugawa sau 76 a minti. Inna ta yi shiru tana kallon ƙotar. Washegari muka je aka auna ta da abin dantse, malamin asibitin ya ce ta koma kan magani a ranar.

Ba duka masu araha ne haka ba, amma gwajin ba ya cin ko sisi: ɗaura shi a icce ko kwalba ka gani. Hawan jini ciwo ne da ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su san suna da shi ba. Mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, kanta na sarawa, in agogo ya ce mata lafiya lau ta fasa zuwa awo, jijjiga na iya riskarta a gida cikin dare. Rashin awo gaba ɗaya ya fi awon ƙarya, don wanda bai auna ba yana nan da shakkarsa, ita ce za ta kai shi asibiti.

Akwai kuma batun launin fata, wanda ya shafe mu kai tsaye. Binciken da aka yi a Jami'ar Michigan aka wallafa a watan Disambar 2020 ya nuna cewa na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ta fi kuskure a kan baƙar fata: kusan ninki uku take ɓoye ƙarancin iska idan aka kwatanta da farar fata. Ta asibiti ke nan, ita ma da haske take aiki. Ina ga ta kwali?

Wanda ake kallo

Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan iyakar ido. Zaure, soro, katanga, "ba a shiga" da aka rubuta da gawayi a ƙofa, sallama sau uku. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Duk da haka akwai waɗanda ake buɗe wa ƙofa saboda larura ko kusanci: ɗan garuwa, mai gyaran rufi, mai allurar rigakafi, ƙanin miji, abokin wasa. Ana barinsu ne bisa amanar cewa abin da ido ya gani a ido zai tsaya.

Waya ta ɗan taɓa wannan amana, amma waya tana da alama. Sai an ciro ta, an ɗaga, an saita. Matar da ke tankaɗe a tsakar gida za ta gani ta ja mayafi, ko ta ce a sauke. Da tabarau, kallo da ɗauka sun zama abu ɗaya. Kamfanin zai ce ya sa ɗan farin haske da ke kunnuwa in ana ɗauka, kuma in an rufe shi kyamarar ba ta aiki. Haka ne. Amma tun 2021 hukumomin kare bayanai na ƙasashen Ayalan da Italiya suka nuna shakku ko mutane za su lura da hasken. Ayalan ma ƙasar hazo ce. A ranar Jigawa ta watan Afrilu da tsakar rana, wa zai ga ɗigon haske a fuskar mutum daga taku goma? Ko ya gani, wa ya gaya masa ma'anarsa? Sannan na bogi, waɗanda su ne za su fara cika kasuwanninmu, wasunsu an ƙera su ne musamman don ɗauka a ɓoye.

Ku duba wuraren da abin zai shafa: layin awo a asibiti, wurin kamu da lalle inda mata ke sakewa don babu maza, bakin rafi, zaman sulhu a gidan mai gari inda ake faɗin abin da ba a so ya fita, har wurin cinikin shanu inda ake ƙirga kuɗi a fili. Na ƙarshen nan ya fi tsaya mini a rai. A lokacin da ake fama da masu kai rahoton wanda ya sayar da dabba ko amfanin gona, na'urar da ke ɗaukar fuska da kuɗi ba tare da an ɗaga hannu ba, abin tsoro ce.

A watan Oktoban 2024 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Harvard sun nuna iyakar abin. Suka haɗa tabarau na Meta da manhajar gane fuska, suna kallon baƙo a tashar jirgin ƙasa, cikin ɗan lokaci sunansa da adireshinsa su fito a waya. Ba su saki manhajar ba, sun ce gargaɗi suke yi. Wani zai ce ai mutanen ƙauye ba sa intanet. To hotunan bikin da 'ya'yanmu ke zubawa a Facebook da TikTok fa, da suna da garin kowa a ƙasa?

Masu kare na'urar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa haka aka yi wa waya mai kyamara da ta fito, yau ga shi ita ce shaidar talaka in an zalunce shi. Na yarda mai tabarau zai iya ɗaukar shaidar cin hanci a hanya ba tare da an ƙwace masa ba. Amma in na ɗora wannan a sikeli da abin da zai faru a tsakar gida da layin awo, ɓangaren matan ya fi nauyi a wurina.

Shi mai sawar ma ana kallonsa

Duk tambayar da ka yi wa gilashin game da abin da ke gabanka, hoton na tafiya kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin amsa ta dawo. A watan Afrilun 2025 Meta ta sauya ƙa'idarta, muryar da mutum ya yi wa na'urar umarni da ita ana iya adana ta har shekara guda. Agogo kuma ya san lokacin barcinka da hanyar da kake bi kullum. A watan Janairun 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, saboda sojojin na gudun safe da na'urorinsu a hannu. In soja bai tsira ba, ɗan kasuwar da ke bin hanya ɗaya duk ranar kasuwa sai ya yi tunani.

Najeriya na da dokar kare bayanai ta 2023 da hukumar da ke kula da ita, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ma ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirrinsa da na gidansa. Amma an fi gina dokar a kan kamfanoni da ma'aikatu. Matar da maƙwabci ya ɗauka a ɓoye, wurin mai unguwa ko Hisba ko 'yan sanda za ta, kuma kafin a zauna bidiyon ya zaga gari. Hukumar JAMB ita ta riga kowa farkawa: shekaru ke nan da ta hana shiga ɗakin jarrabawa da agogo da abin kunne, tabarau kuma sai an duba shi.

Kuɗi, caji da sabis

In aka lissafa dala a naira 1,500, dala 299 ta kusa naira 450,000, sama da albashin wata shida ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mai nuna rubutu a gilashi da ya fito a watan Satumbar 2025 dala 799 ne. Batirin na 2023 kamar awa huɗu yake yi, wanda ya gaje shi a 2025, marar nuna rubutu, ya kai takwas. A garin da ake kai waya shagon mai sola a biya kuɗin caji, ga ƙarin baki biyu da za a ciyar. Ga ƙurar hunturu, ga zufar bazara, ga sabis da sai an hau tudu. In ya lalace, ɗan yayana da kansa ya ce mini ba a buɗe shi kamar waya.

Gilashin da ƙauye ya fi nema

Da Baffa ke neman idon kyamara, na lura sai da ya miƙe hannu ya nisanta gilashin da fuskarsa, yana ƙanƙance ido. Shekaru ke nan da ya daina karatu a ƙaramin Alƙur'aninsa. Yawancin mutane daga shekara 40 ganinsu na kusa yana raguwa. Tela ya kasa zura zare, mai ɗinkin hula ta ajiye allura, alaramma ya rage rubutun allo, tsohuwa ta kasa tsince tsakuwa a shinkafa, kowa ya ce tsufa ne. Maganinsa tabarau na karatu, marar batir, wanda kuɗinsa bai kai na agogon kwali ba. Binciken da aka yi a kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya, aka wallafa a 2018, ya nuna aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100 bayan an ba su shi. Wani da aka yi a ƙauyukan Bangaladash, aka wallafa a 2024, ya nuna kuɗin shigar masu sana'a ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Gara a auna ido kafin a saya, don a wurin awon ne ake gano yanar ido da hawan jinin ido, wanda ke cinye gani a hankali ba tare da ciwo ba. Bayan Sallah da mako biyu muka kai Baffa Kano aka auna shi, aka ba shi na karatu, aka ce ya dawo a sake duba idon hagu. Shi kuwa ɗan yayana, sauran kwanakin da ya yi a gida, in zai shiga gaishe da iyayensa mata yakan cire gilashin a zaure ya sa a kwalinsa, ya ajiye a kan buhun gyaɗa, in ya fito ya ɗauka.